Ruwan Farko na Titi Ne

A unguwarmu ta gangaren Ajlun, kowa ya san Miflih Abu Riyad da abu biyu: rijiyarsa da tattabarunsa. In ka yabi ɗaya za ka sha shayi, in ka yabi duka biyun ba za ka bar gidan ba sai ka ci abincin rana. Shekara talatin da huɗu ya yi yana jan motar haya tsakanin garinmu da Irbid. Da ya ajiye sitiyari sai ya raba zuciyarsa biyu, rabi ya jefa ƙarƙashin ƙasa, rabi ya ɗora a saman bene. Matarsa Nayifa takan ce ita abin da ya zube a tsakani ta samu.

Rijiyar irin tamu ce, ba mai idon ruwa ba. A cikin dutse mahaifinsa ya sassaƙe ta a tsakar gida, ciki ƙato, baki ƙarami, ruwan saman da ya sauka a rufin bene shi ke bin bututu ya cika ta. Ruwan famfo da ke leƙo mu sau ɗaya a mako kuwa, Abu Riyad bai taɓa ɗaukarsa abin sha ba. Na wanki ne, in ji shi, da ɗauraye ƙafa. Ruwan roba na kanti ya fi ba shi haushi, don a ganinsa mutumin da ya sayi ruwa a kwalba wata rana zai sayi iska a leda. Gaskiya kuma shayin gidansa daban ne, ko abokin gabarsa ba ya musun wannan. Yana da abokin gabar ma, za mu zo kansa.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ko yaron goye ya sani a garin nan: ruwan farko na titi ne. Wata biyar rani na tara ƙura da ganye da abin da tsuntsaye suka bari a kan rufi, saboda haka ranar da sama ta fara zuba sai a juya bakin bututu waje, ruwan ya wanke rufin ya bi kwata. Masu tsantseni har na biyun suke bari ya wuce. Sai rufi ya yi fes sannan a mai da bututun cikin rijiya, a ce bisimilla. Wanda ke da tattabaru sittin a saman gidansa kuwa, ai ba sai an tuna masa ba.

To amma ruwan bara ya yi rowa. Tun watan takwas Abu Riyad ya ji gugansa na gogar dutse, har ta kai shi ga kiran motar tanka a idon maƙwabta, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Kunyar nan ta ƙi fita daga ransa. Shi ya sa ranar da hadarin farko ya ɓarke, wata la'asar a ƙarshen watan goma, Nayifa na can gonar ɗan'uwanta ana tsinkar zaitun, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, duk yana tafiya titi a banza. Ya daure na minti biyar. Sannan ya ce wa kansa ai ruwa mai ƙarfi irin wannan, minti biyar ɗinsa ya fi yayyafin kwana biyu wanke rufi. Ya duba dama, ya duba hagu, ya kama bututun ya juya shi ciki. Da ya ji rijiyar na amsa amo sai ya ji sanyi har cikin ƙashinsa, ya shiga ɗaki ya ɗora buta.

Kowace Juma'a 'yarsa Suhair, malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, takan zo cin abincin rana da 'yarta Tala mai shekara huɗu, Nayifa ta ɗora musu mansaf, wato shinkafa da naman rago a romon nono. Ɗansa Riyad da iyalinsa suna Kuwait, jikokin can sai a waya ake ganinsu. Tala ce kaɗai jikar da Abu Riyad ke iya ɗauka ya ji nauyinta, ta ja masa gashin baki ya yi ƙarar ƙarya. Tun Laraba yake fara shirin zuwanta, kuma duk unguwa ta san ba a neman shi da wata magana ran Juma'a.

Asabar ta farko bayan ruwan nan, Tala ta tashi da gudawa. Aka ce sanyi ne. Mako ya zagayo, ta sake. Su ma tsofaffin cikinsu ya riƙa ƙugi, Nayifa ta ɗora laifin a kan sabon man zaitun, shi kuma ya ɗora a kan girkinta, suka yi ta gardama abinsu. Suhair ce ba ta yarda da tsautsayin da ke zuwa ran Asabar kaɗai ba. Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta. Juma'a ta uku sai ga ta da kwalaben ruwan kanti shida a leda, ta ajiye su gaban mahaifinta.

"Yaba, daga yau wannan Tala za ta sha a gidan nan."

"A gidana? Ke da wane ruwa kika girma? Ga ki nan ƙatuwa, har kina koya wa 'ya'yan mutane karatu."

"Ni dai na faɗa maka."

Ya ce to, a baki. Bayan an ci abinci Tala ta bi kakan nata tsakar gida ta ce, "Jiddo, ƙishi." Ya dubi kwalbar roba da ta yi ɗumi a rana, ya dubi tulun ƙasa da ke raɓa a inuwa, ya ga wannan ai zalunci ne. Ya tsiyaya mata rabin kofi ya ce kada ta gaya wa uwarta. Ta gaya mata tun kafin su kai mota.

Ran Lahadi Tala ta wuni a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Abu Riyad ya je, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga ɗan hannun nan da allura a jiki, ya kasa ƙarasawa ciki. Ya sha tsallake hatsari a kan hanya bai ji komai ba, amma ran nan ya ji tsoro na gaske. Yarinyar ta warware kafin magariba, har tana neman biskit. Washegari Suhair ta zo ita kaɗai da wata 'yar kwalba daga ɗakin gwaji, ta ɗebi ruwan rijiyar, shayin da aka zuba mata ma ta bar shi ya huce.

Bayan kwana uku ta dawo da takarda. Ta karanta musu sunayen ƙwayoyin cuta masu tsawo, sannan ta dubi uwarta ta fassara da harshen gida.

"Kashin tsuntsu muke sha, Yumma. Shi kenan abin da takardar ta ce."

"A'uzubillahi!" in ji Nayifa. "Ta ina? Ruwan farko ai titi ya tafi. Ko ba haka ba, Abu Riyad?"

Abu Riyad ya ce masu gwajin nan yaran jiya ne, wa ya sani ko kwalbarsu ce ba su wanke ba. Ya ce kakan Suhair ya sha rijiyar nan har ya shekara casa'in da haƙoransa. Ya faɗi magana da yawa, da ƙarfi kuma, fiye da yadda tambayar ke bukata.

Suhair ta naɗe takardarta. "Da zan iya kawo ta da ruwanta, Yaba, amma na gwada na gani. Tala ba za ta sake taka gidan nan ba sai ranar da takarda ta ce ruwan nan lafiya lau ne. In kuna son ganinta, kun san gidana."

Gidan nata hawa na huɗu ne a wani dogon bene, babu tsakar gida, babu inda yaro zai yi gudu, mijinta kuma mutum ne mai kallon agogo in baƙo ya daɗe. Abu Riyad ya je sau ɗaya ya dawo kamar wanda ya je gaisuwar mara lafiya. Juma'a ta zo, Nayifa ta dafa abin mutum biyu, suka ci shiru. Wata Juma'ar ta sake zuwa. Ya hau sama ya tashi tattabarunsa, suka yi ta shawagi yadda ya saba so, bai ji daɗin komai ba.

Yanzu mu zo kan abokin gabar. Abu Gazi tsohon soja ne, gidansa na fuskantar na Abu Riyad, titi kawai ya raba su, shi ma tattabaru ne ajalinsa. A wannan harka, tsuntsun wani in ya bi garkenka ya sauka a rufinka ya zama naka, saboda haka shekara ashirin ke nan suna sace wa juna tsuntsaye da rana tsaka, kowa na rantsuwa shi aka cuta. Ran nan an sauko daga masallaci sai Abu Gazi ya jero da shi.

"Abu Riyad, mako biyu ban ji ƙamshin mansaf daga gidanka ba. Lafiya dai?"

"Hancinka ne ya tsufa."

"Ya yiwu. Ido dai da sauransa. Ka san ranar ruwan farko ina sama ina rufe akurki, na ga abin al'ajabi. Kowane gida na zuba wa titi ruwa, naka ya yi minti biyar ya ɗauke ɗif. Na ce ikon Allah, yau hadari ya tsallake gidan mutum ɗaya."

"Mai kallon rufin mutane ba ya rasa gani."

"Ni ban ce komai ba. Ban kuma gaya wa kowa ba." Ya rage murya, wasan ya fita daga fuskarsa. "Amma na ji yarinyar ta kwanta, ɗan'uwa. Tsuntsu ne tsakanina da kai, ban da yara."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Abu Riyad ya shiga gida ya tarar da Nayifa na tsintar shinkafa a faranti, ya tsaya a kanta ya faɗi abin da ya yi tun daga minti biyar ɗin, idonsa a kan takalminsa. Nayifa ta ajiye farantin a hankali, wanda duk mai aure ya san ya fi a jefar da shi hatsari.

"Wato wata guda kana zagin girkina, ashe kai ne ka zuba mana kashin tattabaru a shayi?"

"Ruwan ne na ga yana tafiya a banza, Ummu Riyad."

"To ai ga shi bai tafi a banza ba. Har asibiti ya kai." Ta ɗauko waya ta danna lambar Suhair ta miƙa masa. "Ungo. Da bakinka."

Ya faɗa da bakinsa. Suhair ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka. Daga nan ta jero sharuɗɗanta kamar tana rubutu a allo. A kwashe ruwan duka, a goge rijiyar, a sa maganin da ake sawa. A yi wa bakinta murfin ƙarfe da kwaɗo, don katakon da ke kai ko Tala na iya ture shi. Duk ya ce to.

"Saura ɗaya, Yaba. Rufin nan guda ne. Ko na ruwa, ko na tattabaru. Ko ka bar ruwan farko da na biyu da na goma, su kullum suna sama suna aikinsu."

Wannan ne bai ce to ba. Ya ce zai yi tunani.

Ranar kwashe ruwa kuwa biki aka yi. A garin da ake lallashin kowane ɗigo, labarin za a zubar da rijiya guda ya zaga unguwa kafin hantsi. Aka aro injin ja, kowa ya fito da tiyonsa, aka yi ta ɗaura wani a bakin wani. Zaitun ɗin gidan Ummu Basil ya sha, lemon gidan limami ya sha, har wata kurangar inabi da ta shekara biyu da mutuwa an ba ta ko Allah zai sa. Mata na tsokanar Abu Riyad, suna cewa wannan ruwa da takinsa ya zo, bana sai an tokare rassa. Yana dariya yana jin kamar jininsa ake ja.

Da ruwa ya ƙare ya naɗe wando ya jawo tsani, wai shi zai sauka ya goge rijiyar ubansa. Nayifa ta tare bakin rijiyar.

"Tsaya tukuna, jarumi. Babanka ma ba ya sauka sai ya aika da wuta."

Ta kunna kyandir ta kafa a cikin guga, ta zura a hankali. Mutane suka leƙa. Wutar ta yi ta raguwa, kafin gugan ya kai ƙasa ta mutu murus. Ashe babu iskar shaƙa a can ƙasa. Abu Riyad ya warware ƙafar wandonsa ya ce dama gwiwarsa na damunsa kwanan nan. Aka kira masu aikin, suka zo da fanka da igiya, suka hura iska rabin wuni kafin ɗaya ya sauka, ɗaya na riƙe da shi daga sama. Abin da suka fito da shi a bokiti ba zan faɗa ba, wataƙila wani na cin abinci.

Saura tattabaru. Kwana huɗu yana juya maganar. In ya sayar a kasuwar Juma'a, za a watsa su hannu goma, wasu ma tukunya za su shiga. In ya ba wani na nesa, tattabara ba ta manta gida, kwana biyu za su dawo. Mutum ɗaya ne ya san yadda zai zaunar da su, ya kuma san darajarsu, tunda shekara ashirin yana ƙoƙarin sace su. Rana ta biyar da safe Abu Riyad ya tsallaka titin da bai taɓa tsallakawa ba sai don jana'iza.

Abu Gazi ya buɗe ƙofa ya gan shi da kwando biyu.

"Ka kawo mini waɗanda ka sace ne?"

"Na kawo maka waɗanda ka kasa sata."

Abu Gazi ya leƙa kwandon, ya daɗe bai ɗago ba. Ya ciro wani jan namiji mai farin wuya, wanda ke jan garken Abu Riyad, ya juya shi a hannu kamar mai duba zinariya.

"Har da wannan?"

"Har da shi. Kada ka ba shi alkama zalla, yana son a haɗa masa da gero. Kuma in ka bari kyanwa ta taɓa shi, wallahi sai na kai ka kotu."

"Wace kotu ce ke karɓar shaidar mai tattabaru, mu da aka sani da rantsuwar ƙarya? Shigo ka sha shayi, tsoho. Na famfo ne, amma ba ya kai mutum asibiti."

Sai da suka yi sawu takwas kafin akurkin ya zama wayam. Abu Gazi ya ɗaure musu gashin fiffike, ya ce kwana arba'in za su yi a haka har su san sabon gida. Abu Riyad ya rushe akurkinsa da hannunsa, ya kankare rufin, ya wanke da buroshi har sau uku. Kullum la'asar kuma sai a gan shi yana tsallaka titi, wai zai je ya ga ko ana ba su ruwa. A can sama za a jiyo su suna musu a kan wa ya fi wani sanin tsuntsu, har a kira magariba.

Ruwa ya dawo a watan ɗaya, da ƙarfinsa. Na farko ya tafi titi, Nayifa na tsaye a gindin bututu da lema kamar mai gadin banki, shi kuma an umarce shi ya sa hannuwansa a aljihu. Na biyu ma ya tafi. A na uku ta ce bisimilla, ta bar shi ya juya. Mako uku ana zuba, rijiyar ta haura rabi. Suhair ta zo ta sa magani, ta jira kwanakin da ake jira, ta ɗebi ruwa a 'yar kwalbarta. Ran Laraba ta bugo waya, ba ta ko yi sallama ba.

"Yumma ta ɗora mansaf ran Juma'a. Da yawa, Tala ta ce yunwar wata biyu take ji."

Ran Juma'a tun kafin motar ta tsaya yana bakin ƙofa. Tala ta faɗa jikinsa, ya ɗaga ta ya ji ta ƙara nauyi, ya ɓoye fuskarsa a wuyanta don kada mata su ga idonsa. Aka ci, aka sha, Suhair da kanta ta tsiyaya wa 'yarta ruwan tulu, ta kuma shanye shayinta har kofi biyu. Bayan la'asar Tala ta ja shi sama, don can suka saba zuwa.

Rufin fayau yake, ba ko gashin tsuntsu. A tsallaken titi Abu Gazi ya kwance wa tsuntsayen fiffike tun shekaranjiya, yau ya tashe su duka, garke biyu sun zama ɗaya suna zagaya sararin unguwa. Tala ta yi ta tsalle tana nuna su. Can sai jan nan mai farin wuya ya ware daga cikinsu. Ya yi zagaye ɗaya, ya karyo, ya nufo rufin da aka ƙyanƙyashe shi, ya saki ƙafafu zai sauka daidai inda Abu Riyad ke tsaye.

"Jiddo, ga shi ya zo! Ya zo wurinka!"

Hannun Abu Riyad ya riga ya fara miƙewa da kansa. Ya dubi tsuntsun, ya dubi yarinyar da ke riƙe da gefen rigarsa. Sai ya haɗa tafukansa ya tafa da ƙarfi, sau ɗaya, sau biyu, ya daka masa tsawa da muryar da ba ta fita daidai ba. Tsuntsun ya yi turus a iska, ya kaɗa fiffike, ya juya ya koma tsallaken titi.

"Don me ka kore shi, Jiddo? Ba ka son shi?"

"Ina son shi ƙwarai," in ji Abu Riyad. Ya share fuska da hannun riga, ya sunkuya ya ɗauke ta. "Juma'a mai zuwa ma za ki zo, ko?"